Yadda Ake Neman Diyyar Hatsarin Mota Idan Ba a Tabbatar da Inshorar Mai Laifi Ba

Ƙa'idar da yawancin masu mota suka sani ita ce, idan wani direba ya buge ka kuma laifin nasa ne, kamfanin inshorarsa ne zai biya ɓarnar. Wannan ƙa'ida tana aiki ne kawai idan inshorar tasa tana nan daram a ranar da hatsarin ya auku, kuma sau da yawa ba a iya sanin hakan a bakin hanya. Babban kuskuren da ake yi a irin wannan hali shi ne zaman jira, wato mutum ya naɗe hannu har sai gaskiyar inshorar ɗaya direban ta bayyana kafin ya yi wani motsi, alhali kuwa wa'adin da kamfaninsa ya ba shi yana ta ƙarewa.

Yana da kyau a fara fahimtar dalilan da ke sa inshorar mutum ta shiga cikin shakka, domin ba duka ne ke nufin babu mai biya ba. Wani lokaci wa'adin inshorar ya ƙare ba a sabunta ba, ko kuwa an soke ta saboda mai ita ya daina biyan kuɗinta. Wani lokaci takardar da aka nuna maka ta jabu ce, wataƙila ma shi mai riƙe da ita bai sani ba. Akwai kuma halin da motar tana da inshora ta gaskiya, amma wanda yake tuƙi ba ya cikin waɗanda yarjejeniyar ta amince su tuƙa ta, ko kuma an yi inshorar ne don amfanin kai sai aka tarar ana haya da motar. Na ƙarshe shi ne inshora tana nan, amma iyakar abin da kamfanin ya yarda zai biya bai kai girman ɓarnar ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mafitarsa. A wasu ƙasashe, kamar Birtaniya, doka tana iya tilasta wa kamfani ya biya wanda aka cutar ko da direban ya saɓa wa sharaɗin yarjejeniya, daga baya kamfanin ya bi direban ya karɓi kuɗinsa. Saboda haka kada ka yanke ƙauna don kawai an ce maka akwai matsala a takardunsa.

A wurin hatsari, bayan an kula da waɗanda suka ji rauni, aikinka shi ne tattara shaida, ba jayayya kan wane ne mai laifi ba. Ka ɗauki hoton lambar motar, da lasisin direban, da takardar inshorar yadda sunan kamfani, lambar yarjejeniya da ranar ƙarewarta za su fito sosai. Ka duba ko lambar motar da ke jikin takardar ta yi daidai da wadda ke jikin motar, kuma ka tambaya ko direban ne mai motar. Idan ba shi ba ne, ka nemi sunan mai ita. Ka ɗauki hoton yadda motocin suka tsaya kafin a janye su, da sawun birki a kan kwalta, da alamun hanya da ke kusa. Idan akwai shaidu, ka karɓi lambar wayarsu nan take, domin da zarar an watse ba ka ƙara ganinsu. Sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda. Idan inshorar mai laifi ta zama babu, rahoton nan ne zai zama ginshiƙin duk wani mataki da za ka ɗauka daga baya.

Daga nan sai mataki mafi muhimmanci: ka sanar da kamfanin inshorarka ba tare da ɓata lokaci ba, ko da kana ganin ba daga wurinsu za ka nemi kuɗi ba. Kusan kowace yarjejeniyar inshorar mota tana da sharaɗin a sanar da kamfani duk wani hatsari cikin ƙanƙanen lokaci, kuma jinkiri yana ba su hujjar ƙin biya. Sanarwa daban take da neman diyya. Kana iya rubuta musu cewa ga abin da ya faru, ga bayanan ɗaya direban, inshorarsa ba ta tabbata ba, kuma kana riƙe da haƙƙinka na neman diyya a ƙarƙashin taka yarjejeniyar idan hali ya yi. Ka yi wannan a rubuce, ka ajiye kwafi, ka kuma karɓi lambar da suka ba ƙorafin naka. A ganina wannan ɗan rubutu ya fi duk wata doguwar magana a waya daraja, domin shi ne ke bar maka ƙofofi biyu a buɗe.

Tabbatar da inshorar ɗaya ɓangaren ba ya da wuya kamar da. Ƙasashe da dama suna da rumbun bayanai da ake bincikawa ta intanet da lambar mota, irin su askMID a Birtaniya da NIID a Najeriya. Amma abin da kake bukatar sani shi ne ko inshorar tana aiki a ranar hatsarin, ba a ranar da ka duba ba, don haka ka rubuta wa kamfanin da aka ambata a takardar ka nemi amsa a rubuce. Idan suka ce suna bincike, ka tambaye su abin da suke bincikawa da lokacin da za su kammala. Idan suka ƙi ɗaukar nauyi, ka nemi wasiƙar ƙin tare da dalili, domin kamfaninka ko asusun da ke biyan diyya ga waɗanda direbobi marasa inshora suka cutar zai nemi ganinta.

Idan kana da cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ɓarnar motarka ko da wane ne mai laifi, hanya mafi sauri ita ce kamfaninka ya gyara maka, sannan shi ya tsaya a madadinka ya bi mai laifin ko kamfaninsa. Za ka fara biyan kason da yarjejeniya ta ɗora maka daga aljihunka, kuma ana mayar maka da shi ne idan sun yi nasarar karɓo kuɗin. Ka tambaye su tun farko ko wannan zai taɓa rangwamen da ake ba wanda bai nemi diyya ba. Idan kuwa inshorarka ta ɓarnar da ka yi wa wasu ce kawai, ba za ta gyara motarka ba, sai ka duba wasu hanyoyin. A Amurka akwai wani sashe na inshora da aka keɓe domin direban da ba shi da inshora ko wanda tasa ba ta isa ba, kuma wasu jihohi sun wajabta shi. A Birtaniya hukumar Motor Insurers' Bureau, wadda aka kafa a 1946, tana biyan waɗanda direbobi marasa inshora ko waɗanda suka gudu suka cutar, kuma Faransa ma tana da irin wannan asusu. Ka binciki abin da dokar inda hatsarin ya faru ta tanada.

Sau da yawa direban da ya san takardunsa ba su cika ba zai roƙe ka a yi sulhu, ya ba ka kuɗi a hannu a rufe magana. Sulhu ba laifi ba ne, amma a nan ne mutane suka fi cutuwa. Ɓarnar da ido ke gani a bakin hanya ba ita ce duka ba. Sai bakanike ya kwance gaban mota ake ganin ƙarfen ciki ya lanƙwashe, kuma ciwon wuya ko na baya kan tashi bayan kwana ɗaya ko biyu. Ban da haka, idan ka sa hannu a takardar da ke cewa ka yafe duk wani haƙƙi, ka toshe wa kamfaninka hanyar bin mai laifin, kuma suna iya ƙin biyanka saboda haka. Kada ka sa hannu a kan komai, kada kuma ka karɓi kuɗi a matsayin biya na ƙarshe, sai ka samu amincewar kamfaninka a rubuce.

Kada ka fara gyara kafin mai kimanta ɓarna ya duba motar. Ka ajiye rasit na janye mota, na asibiti, na magani da na motar da ka yi haya kafin taka ta fito.

Idan duk waɗannan hanyoyi suka toshe, kana da damar kai direban, a wasu wuraren har da mai motar, ƙara kotu, domin rashin inshora ba ya sauke masa nauyin ɓarnar da ya yi. Sai dai ka auna ko yana da abin biya, tun da hukunci a kan wanda ba shi da komai ba zai gyara mota ba. Shigar da ƙara ma tana da wa'adi: a Ingila shekara 3 ne ga rauni, shekara 6 ga ɓarnar dukiya, a Amurka kuma kowace jiha da nata. Idan akwai rauni mai tsanani ko kuɗin yana da yawa, ka ga lauya tun da wuri, ka kai masa rahoton 'yan sanda, hotuna, da duk wasiƙun da kuka yi musaya da kamfanonin biyu.