Kurakuran masu tsara wasan cike gurbi in an zo kan tsuntsaye

Na gaji da ganin sababbin masu tsara wasan cike gurbin kalmomi (wanda ake jera haruffa cikin gidaje, a kwance da a tsaye, kalmomi suna ratsa juna) suna wulaƙanta tsuntsaye. Babban laifinsu shi ne ba da alamar da ta dace da tsuntsu fiye da ɗaya. Wani ya taɓa rubuta "baƙin tsuntsu mai fari a gaba, haruffa 7". Na sa shamuwa, na yi ta gina sauran amsoshi a kanta har takardar ta huje don gogewa, ashe hankaka yake nufi. Dukansu haruffa 7 ne, dukansu baƙi da fari. To laifin wa? Farin hankaka a ƙirji yake, ya zagayo ta bayan wuya. Na shamuwa a ciki yake da ƙasan baya, kuma ita baƙuwar damina ce. Kalma ɗaya, "ƙirji" ko "damina", da ta raba gardama. In ba ka san inda farin yake a jikin tsuntsu ba, me ya kai ka tambayar mutane? Je ka ka kalli tsuntsun tukuna.

Haka hasbiya da kurciya: haruffa 7, kuma duk sun ƙare da "iya". Kada ka ce "'yar'uwar tattabara" ka yi shiru. Hasbiya tana da jar fata kewaye da ido da ɗige-ɗigen fari a fukafukai, faɗi haka. Ni dai ba na sakin tambaya sai na lissafa duk tsuntsun da na sani mai yawan haruffan nan, na gwada alamar a kansa. In biyu suka shiga, na sake rubutu.

Na biyu da ke ƙona mini rai shi ne haruffa masu ƙugiya. Ka sa zalɓe a kwance, sannan ka ratsa ta da balbela a kan ɓ. Haba malam! B daban, ɓ daban, kuma ganganci ne kawai. Sh da ts kuwa, ka yanke tun farko ko gida ɗaya za su ci ko biyu, ka rubuta a saman shafi. Ni gida biyu nake ba su, wasu ba su yarda da ni ba.

Sauran ƙanana ne. In ka ce "mai zane ce", amsa zabuwa ce, ba zabo ba. Jan maƙogwaro na namijin burtu ne, na macen shuɗi ne. Balbela ba kullum take fara fat ba, lokacin yin ƙwai takan yi ruwan ƙasa a ka da ƙirji. Gauraka kuwa tukkunsa ya isa alama, ba sai ka haɗa da kumatu ba.