Yadda ake sakaya bayanan fayil ɗin lissafin kuɗi kafin kai rahoton matsalar manhaja

Idan manhajar da kake ajiye lissafin kuɗinka ta fara fitar da jimlar da ba daidai ba, ko ta ƙi buɗe fayil, masu gyaranta sukan nemi ka turo musu fayil ɗin domin su ga matsalar da idonsu. Suna da hujja, amma fayil ɗin yana ɗauke da albashinka, da lambobin asusunka, da bashin da ake bin ka, da sunan duk wanda ka taɓa biya, kuma galibin shafukan karɓar rahoto a buɗe suke ga kowa, abin da aka ɗora a can da wuya a janye shi gaba ɗaya.

Kada ka taɓa fayil na asali; yi kwafi, ka yi duk aikin a kansa. Kafin ma ka kai ga haka, gwada buɗe sabon fayil mai asusu biyu da ma'amaloli na ƙage guda uku ko huɗu. Idan matsalar ta bayyana a nan, shi za ka tura, kuma a ganina babu hanyar da ta fi wannan aminci. Idan ba ta bayyana ba, sai ka koma kan kwafin, ka goge rabin ma'amalolin, ka duba ko tana nan, ka ci gaba da ragewa har sai abin da ke haddasa ta kaɗai ya saura.

Wasu manhajoji sun tanadi hanyar sakayawa, kamar KMyMoney da HomeBank. A manhajar GnuCash kuwa, fayil ɗin XML, wato rubutun da take adana lissafin a ciki, yakan zo a matse da gzip, wata hanyar rage girman fayil, don haka sai ka warware shi kafin ka karanta abin da ke ciki. Ka musanya kowane suna da alama guda wadda ba ta sauyawa, ta yadda wanda ya zama "Mutum 7" a layin farko zai ci gaba da zama haka har ƙarshe, domin idan alamomin suka cakuɗe, matsalar tana iya ɓacewa. Ka kula da gurbin ƙarin bayani, inda banki yakan cusa lambar waya ko guntun lambar kati, da kuma gurbin ACCTID, inda lambar asusu take, a fayil ɗin OFX, wato fayil ɗin ma'amaloli da ake saukewa daga banki.

Adadin kuɗi ya fi komai wuyar sha'ani. A lissafi mai shigarwa biyu, wato wanda ake rubuta kowace ma'amala a asusu biyu, dole abin da ya fita daga wani asusu ya yi daidai da abin da ya shiga wani, saboda haka idan ka mayar da 4,350 zuwa 1,000 a gefe ɗaya, wajibi ne ka gyara ɗaya gefen. Ninka duka adadin da lamba guda yana kiyaye daidaiton, sai dai duk wanda ya san ainihin adadi ɗaya, kamar kuɗin hayarka, zai iya gano sauran. Kwanan wata da haruffa irin su ƙ da ɗ kuwa, ka bar su yadda suke idan kana zargin su ne tushen matsalar.

Kafin ka tura, sake buɗe kwafin ka tabbatar matsalar tana nan, sannan ka bincika cikinsa da sunanka, da sunan bankinka, da lambobi huɗu na ƙarshen asusunka. Haka za ka yi wa fayil ɗin tarihin aiki, inda manhajar ke rubuta abin da ta yi, da hoton allo, domin sau da yawa sunanka yana fitowa a adireshin fayil da ke saman tagar manhajar.