Darasi na 7: Akwatin taimakon gaggawa a gida

A nemi akwati mai murfi, ko na roba ne, a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa. A zuba safar hannu ta roba, sabulu, bandeji 4, gozi (ƙyallen rufe ciwo) da ke rufe cikin ledarsa, filasta, almakashi, aidin, farasitamol, da ƙyalle mai faɗi guda 2 wankakke. Duk akwai su a kyamis.

Idan ƙaramin yanka ne, a fara wanke hannu, sannan a kwarara wa ciwon ruwa mai tsabta har ƙasa ta fita, a shafa aidin, a rufe da gozi. Kada a ɗora auduga a kan ciwo, domin tana mannewa, wajen cirewa sai jini ya dawo. Toka, baƙin mai da kashin shanu kuwa cuta suke sawa. Wanda ya taka ƙusa ko lauje ya yanke shi, ya je a yi masa allurar tetanus.

Ƙuna ruwa take so, mai sanyi amma ba ƙanƙara ba, har minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Ban da ƙwai, manja ko man goge baki.

Inda aka fi rasa rai shi ne zubar jini mai yawa. A naɗe ƙyalle, a danne bakin ciwon da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa ba. Nan mutane ke kuskure, sai su riƙa leƙawa, alhali kowace leƙawa tana ɓalle jinin da ya fara daskarewa. In ƙyallen ya jiƙe, a ƙara wani a kansa, kada a cire na farko. Wuƙa ko ƙarfen da ya nutse a jiki, a bar shi, a tokare gefensa da bandeji. A kwantar da majinyaci, a lulluɓe shi, kada a ba shi abinci ko asfirin, a kira lambar gaggawa 112 ko a nufi asibiti.

Saran maciji, musamman kububuwa lokacin noma, ba shi da magani a cikin akwatin nan. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafa ko hannun da aka sara motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti mafi kusa ko asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe.