Yadda za ka sa abokan aiki su faɗa maka gaskiya a kan aikinka

Yawancin sababbin ma'aikata ba sa tunawa da tambayar yadda ake ganin aikinsu sai ƙarshen shekara, an raba fom ɗin auna aikin ma'aikata na shekara, irin su APER. A lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ka fara tun watanka na uku.

Zaɓi mutum uku ko huɗu, kada su zama abokan hirarka kaɗai. Sa wanda aikinka ke sauka a teburinsa, da wanda ke ƙasa da kai. Masinja ya fi darakta sanin inda kake ɓata wa mutane lokaci.

Kada ka yi tambayar a bainar jama'a, kuma kada ka ce "Yaya kuke ganin aikina?" Amsar ɗaya ce: "Masha Allah, kana ƙoƙari." Kara ba za ta bar kowa ya wuce nan ba. Keɓe mutum, ka kama abu guda: "Hajiya, rahoton da na kawo miki ranar Litinin, me zan gyara a ciki ya sauƙaƙa miki aiki?" Wasu suna tura fom ɗin tambayoyi na intanet, wato Google Forms, a cike ba tare da suna ba. Kyauta ne, amma a ofishin mutum 6 kowa ya san salon maganar kowa. Ni na fi yarda da kofin shayi da minti 10.

Wajen karɓar amsa ne ni na yi ɓarna. Wata babbar ma'aikaciya ta daure ta ce min takarduna suna zuwa a makare, kuma ba kwanan wata. Ba ta rufe baki ba na fara: ai wuta ce babu, ai kwamfutar ce ta lalace. Ta dube ni ta ce, "To, haka ne, Malam." Shekara guda ban sake jin komai daga bakinta ba sai gaisuwa. Don haka idan an faɗa maka, ko ya yi zafi, haɗiye uzurinka ko da gaskiya ne. Ka ce "Na gode, ba ni misali," ka yi shiru. Kada kuma ka kai wa wani labarin wane ya ce kaza.

Rubuta abin da ka ji a ranar. Wanda mutum biyu suka maimaita, shi za ka fara gyarawa, sauran su jira. Bayan sati 6 ka koma ka tambayi Hajiya ko ta ga canji.