Yadda Za Ka Shiga Filin Hawan Igiya da Zamiya a Kan Waya Ka Fito Lafiya

Filin hawan igiya wuri ne da ake kafa ƙananan dandamali na katako a jikin manyan itatuwa ko a kan dogayen turaku, sannan a haɗa kowane dandamali da na gabansa da gadar igiya, ko gungumomi masu lilo, ko raga, ko kuma wayar ƙarfe wadda mutum yake ratayewa a jikinta ya zame daga wannan gefe zuwa wancan. Hanyoyin yara ba su cika nisa da ƙasa ba, amma na manya sukan kai mita 10 ko 15, wasu ma su zarce. Wanda bai taɓa hawa ba yakan ɗauka cewa ƙarfin damtse ne yake hana mutum faɗowa, alhali abin da yake riƙe da shi a sama shi ne ɗamarar da aka ɗaura masa da kuma ƙugiyar da ta haɗa shi da wayar tsaro. Duk sauran shirin da za ka yi, a kan wannan yake tafiya.

Tun kafin ka sayi tikiti, ka bincika yadda ake gudanar da wurin. A ƙasashen Turai akwai ƙa'idar da ake kira EN 15567, wadda ta tsara yadda ake gina irin waɗannan filaye da yadda ake tafiyar da su, a Amurka kuma akwai ƙa'idojin ACCT, ƙungiyar masu harkar irin waɗannan filaye, da na ASTM, hukumar tsara ƙa'idojin ingancin kayayyaki. Filin da yake aiki tsakani da Allah ba ya jin nauyin gaya maka wace ƙa'ida yake bi, da lokacin da masu bincike na waje suka zo suka duba wayoyinsa da itatuwansa, da kuma ko ma'aikatansa sun sami horon sauko da wanda ya maƙale a sama. Idan ka yi waɗannan tambayoyi aka yi ta kewaye-kewaye, ni dai shawarata ita ce ka nemi wani wurin, domin wanda ba ya iya amsa tambaya a ƙasa ba zai iya ceto a sama ba.

Ka kuma karanta sharuɗɗan shekaru da tsawo da nauyi. Kamfanin Go Ape, wanda ya buɗe filinsa na farko a dajin Thetford na Ingila a shekarar 2002, ya sa iyakar nauyi a kilo 130, kuma yana buƙatar tsawon mita 1.4 ga mai son hawa babbar hanyarsa, sauran filaye kuwa kowanne da adadin da ya tsayar. Sharaɗin tsawo yana da dalili a fili: wanda hannunsa bai kai ga wayar tsaro ba, ba zai iya maƙala ƙugiyarsa da kansa ba. Sharaɗin nauyi kuma ya shafi gudu, saboda mai nauyi yakan iso ƙarshen waya da sauri fiye da mara nauyi, kuma an daidaita birkin ne a kan wani iyakantaccen nauyi. Saboda haka kada ka rage ko kilo ɗaya idan aka tambaye ka. Mace mai ciki, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da wanda yake fama da ciwon baya ko aka yi masa tiyata kwanan nan, su tuntuɓi likita tukuna, kuma su faɗi gaskiyar halinsu a takardar da ake cikewa kafin shiga.

Batun sutura yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ɗamarar tana zagaye ƙugu da kowace cinya daban, don haka dogon wando mai ɗan sassauci ne ya dace, da rigar da za ta shige ƙarƙashin ɗamara ba tare da ta tattare ba. Takalmi ya zama rufaffe, mai igiya, wanda ƙasansa yake kama katako, domin silifa ba ta daɗewa a ƙafar mai tafiya a kan waya. Duk wani abu mai jela, ko mayafi ne, ko sarƙar wuya, ko dogon gashi, a ɗaure shi a cusa cikin riga, saboda tayoyin kurar zamiya, wato 'yar na'urar da mutum yake ratayewa a jikinta tana gudu a kan waya, suna juyawa da gudu dab da kan mutum, kuma abin da suka kama ba sa saki sai sun tsaya. Ka cire zobe, ka zazzage aljihunka. Wayar salular da ta suɓuce daga mita 12 asara ce gare ka, kuma haɗari ce ga wanda yake tsaye a ƙasa. Idan kana sa tabarau, ka ɗaura masa zare ta ƙeya.

Zagaye ɗaya yakan ci sa'a biyu zuwa uku, kuma a sama babu bayan gida, sai ka kama ruwa kafin a ɗaura maka ɗamara. Ka ci abinci mara nauyi, ka sha ruwa sosai. Yayyafi ba ya hana wasa a yawancin wurare, sai dai katako ya yi santsi, amma iska mai ƙarfi da tsawa suna sa a rufe fili nan take, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma sama.

Idan ma'aikaci ya zo ɗaura maka ɗamara, ka lura da inda ta zauna. Maɗaurin ƙugu ya kamata ya hau saman ƙasusuwan kwatangwalo, ya matse har ya zama idan ka ja shi ƙasa da hannu biyu ba zai sauka ba. Na cinya kuma ya bar wurin da tafin hannu zai shiga a shimfiɗe, amma dunƙulallen hannu ba zai shiga ba. Ƙananan yara, da duk wanda ƙugunsa ba ya riƙe ɗamara da kyau, akan ba su wadda take haɗawa har da kafaɗu, domin kada su zame daga cikinta idan suka juya kai ƙasa. Hular kwano, inda ake bayar da ita, ta rufe goshi, kada ta koma ƙeya. Daga lokacin da aka duba ka aka sallame ka, kada ka sake taɓa maɗauran, idan kuwa dole ta sa ka kwance, to sai ma'aikaci ya sake dubawa kafin ka taka tsani.

Daga nan sai bayanin ƙugiyoyi, kuma a nan nake so ka tattara hankalinka gaba ɗaya, ko da ka taɓa hawa a wani fili, domin tsarin ba iri ɗaya ba ne. A wasu wurare ana zura ƙugiya guda a wayar tsaro tun daga ƙasa, ba ta kuma fita sai ka kai ƙarshen hanya, aikinka kawai shi ne ka riƙa juya ta tana wuce mahaɗan waya. A wasu wuraren ƙugiyoyi biyu ne da aka haɗa su ta yadda idan ɗaya tana buɗe, ɗayar ba za ta buɗu ba sai ta farkon ta kulle a kan waya. Tsari na uku, wanda shi ne mafi daɗewa, ƙugiyoyi biyu ne zalla, babu abin da zai hana ka cire su duka sai hankalinka. A wannan tsari doka ɗaya ce: idan ka iso dandamali, ka cire ƙugiya ɗaya ka maƙala ta a waya ta gaba, ka ga bakinta ya rufe da idonka, ka ɗan ja ta, sannan ka koma ka ɗauko ta biyu. Ka riƙa yin wannan aiki da hannu ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya iya buɗe ƙugiya biyu a lokaci guda. Ana koyar da a sa bakunan ƙugiyoyin su kalli saɓanin juna, don kada abu ɗaya ya danne su tare.

Idan ka duba jikin ƙugiyar za ka ga lambobi da haruffan kN, wato ma'aunin ƙarfin ja da ƙugiyar take iya jurewa. Irin ƙugiyoyin da masu hawan duwatsu suke amfani da su suna ɗaukar aƙalla kN 20 idan bakinsu a rufe yake kuma an ja su ta tsawo, wato nauyin da ya kai kimanin tan 2. Amma idan bakin a buɗe yake, ko ƙugiyar ta gicciye, ƙarfin yakan faɗi zuwa wajen kN 7. Wannan ne ya sa ake nanata maganar duba baki.

Akwai gajeriyar hanyar gwaji kusa da ƙasa da ake bi kafin a hau ta gaske. A kanta ka yi abin da zai taimake ka fiye da kowane bayani: ka saki hannuwanka da gangan, ka zauna cikin ɗamarar, ka ji yadda take ɗauke da nauyinka. Wanda jikinsa ya riga ya san cewa zamewar ƙafa ba ta wuce ya sami kansa zaune a iska ba, ba ya firgita idan abin ya same shi a sama. Bayan haka ka fara da hanya mafi sauƙi. Filaye da yawa suna bambanta hanyoyi da launi, kore ga mai sauƙi, sai shuɗi, sai ja, baƙi kuma ga mafi wuya, kuma babu abin kunya a fara da kore ko da kana ji da ƙarfi.

A kan gada, ƙafa ce take aiki. Sabon shiga yakan ƙanƙame igiya ya riƙa jan jikinsa da hannu, kafin ya wuce dandamali uku damatsansa sun mutu. Ka tsaya a miƙe, ka ɗan sassauta gwiwa, ka taka tsakiyar katako, ka bar hannu ya zama na daidaita jiki kawai. Gungume mai lilo yana son a jira shi: ka ɗora ƙafa ɗaya, ka bari ya natsu, sannan ka mayar da nauyinka kansa. Idan waya guda ce a ƙarƙashin ƙafarka, ka gicciya tafin ƙafa a kanta ka riƙa ja a hankali. Idonka ya kasance a kan mataki na gaba ko a kan dandamalin da ka nufa. Idan tsoro ya kama ka har ƙafafu suka fara rawa, ka tsaya, ka fitar da numfashi a hankali sau da yawa, ka gaya wa ma'aikacin da yake ƙasa halin da kake ciki, su sun saba da wannan kullum. Ka kiyaye adadin mutanen da aka yarda su hau gada ɗaya ko su tsaya a dandamali ɗaya, kuma kada ka girgiza gada wani yana kai, ko da abokin wasanka ne.

Zamiya ita ce abin da yawancin mutane suke zuwa dominsa. Akwai manyan wayoyi irin ta dutsen Jebel Jais a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda aka buɗe a 2018, mai tsawon kusan kilomita 2.8, inda mutum yake kwanciya rubda ciki ma'aikata su ɗaura shi su sake shi. A filin hawan igiya kuwa wayoyin gajeru ne, kuma sau da yawa kai ne za ka ɗora 'yar kurar nan mai ƙananan tayoyi biyu a kan waya. Ka ɗora ta yadda aka nuna maka, ka sa ƙugiyoyin tsaro a bayanta, ka leƙa ka tabbatar wanda ya riga ka ya sauka ya bar wurin, ko ka jira alamar ma'aikaci. Karo tsakanin mai zuwa da wanda bai matsa ba yana cikin munanan haɗurran wannan wasa, kuma gaggawa ce take kawo shi. Kada ka yi tsalle daga dandamali. Ka zauna cikin ɗamara har igiyarta ta miƙe, sannan ka ɗaga ƙafafunka.

Hannunka ya tsaya a kan igiyar ɗamara ko a mariƙin da aka tanada. Kada ka taɓa wayar a gaban kura ko kaɗan, domin tayoyin za su bi ta kan yatsu. A wuraren da ake taka birki da hannu, akan ba da safar fata mai kauri, kuma ana danna waya ne a bayan kura, da shimfiɗaɗɗen tafi, a hankali, ba a damƙe ta. A sauran wurare birkin yana jikin wayar, ko dai lanƙwasar da take yi a tsakiya ta sa ka hau tudu kaɗan a ƙarshe, ko sifirin, ko na'urar maganaɗisu. Idan ka kusa isa, ka ɗaga gwiwoyi, ka nisanta kai daga waya, idan kuma saukar a ƙasa ce ka shirya taka ƙafa kana ɗan gudu. In iska ta juya ka baya, kada ka yi kokawa da ita, ka ja dugadugai a kan ɓawon katakon da aka zuba har ka tsaya. Mara nauyi wani lokaci yakan tsaya kafin ya kai ƙarshe. Idan haka ta faru, ka bi abin da aka koya maka na juya baya ka ja kanka hannu bayan hannu, ko ka jira a zo a jawo ka, kana motsa ƙafafu domin jini ya ci gaba da gudana, saboda daɗewa a rataye babu motsi yana iya sa jiri har da suma.

Idan da yara ka zo, ka bar su su shiga gabanka domin idonka ya kasance a kan ƙugiyoyinsu a kowane dandamali. Yaron da ya ce ba zai hau ba, kada a tilasta masa ko a yi masa dariya, a bar shi ya kalli wasu, sau da yawa shi da kansa zai nemi a gwada shi.

Lokacin da na fi jin tsoro ga mai hawa shi ne bayan sa'a ta farko, sa'ad da fargaba ta tafi, hannu ya saba, hira ta yi daɗi, ga kuma gajiya ta fara shiga. A nan ne ake canja ƙugiya ba tare da an duba ba. Ka mayar da duba ƙugiya al'ada a kowane dandamali, ka daina magana har sai ka gama maƙalawa. Idan yatsunka suka fara kasa buɗe bakin ƙugiya, alama ce ta cewa ka yi iya naka na ranar, sai ka sauka a mafita ta gaba ko ka kira ma'aikaci ya sauko da kai. Wajen mayar da kaya, ka gaya musu duk abin da ka lura da shi, ko ƙugiyar da bakinta yake jinkirin rufewa, ko zaren ɗamara da ya fara tsinkewa, ko katakon da yake motsi, domin a cire shi kafin a ba wani. Ciwon damtse da na cinya na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani, amma ciwon wuya ko na baya mai tsanani bayan saukar da ta zo da ƙarfi yana buƙatar a kai shi ga likita.