Yadda Ake Tuƙi a Hunturun Ontario Idan Hanya Ta Yi Santsi Kuma Wani Ya Matsa Maka Lamba a Baya

Duk wanda ya goge da tuƙin Kano ko Kaduna, idan ya zo Kanada gani yake ya gama da hanya. Ni ma da wannan tunanin na zo. A hunturuna na farko na kama babbar hanya mai lamba 400, daga Toronto zan je Barrie, rana tana haskawa tar. Ban yi tafiyar awa ɗaya ba dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, har fitilar motar gabana ta ɓace mini. Ga kuma wata ƙatuwar a-kori-kura manne da ni tana ta haska ni. Hazon hunturunmu na gida yana hana gani, amma kwalta tana nan yadda take. A nan ido ba ya gani, taya kuma ba ta kama ƙasa.

Dalilin wannan sauyi na farat ɗaya shi ne tafkuna. Iska mai tsananin sanyi tana bi ta kan ruwan Tafkin Huron da bai daskare ba, ta kwashi danshi, ta zo ta juye shi a kan wani siririn yanki. Kilomita kaɗan gaba sai ka tarar da sarari kamar ba a yi komai ba.

Mataki na farko: taya, tun kafin sanyi ya sauka

Da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, robar tayar da ake yawo da ita duk shekara tana fara taurarewa. Ka sa tayoyin hunturu guda huɗu, ba biyu ba. Za ka gane su da alamar dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. A lardin Quebec, maƙwabcin Ontario, doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ontario ba a tilasta ba, amma kamfanonin inshora suna yi wa mai su ragi, don haka ka kira naka ka faɗa musu. Ka je gareji a watan Oktoba; ranar da dusar farko ta sauka layi sai ka ce na gidan mai. Ka sa a duba batir, ka zuba ruwan wanke gilashi mai jure sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, kuma kada tanki ya gaza rabi.

Mataki na biyu: kafin ka tayar da mota

Duba hasashen yanayi na inda za ka, ba na ƙofar gidanka kaɗai ba, sannan ka leƙa Ontario 511, shafin intanet na gwamnatin lardi, ka ga halin hanyoyi. Idan an yi gargaɗin ruwan sama mai daskarewa, shawarata ka zauna gida. Babu tayar da ke maganinsa.

Share dusar da ke kan motar duka, har rufinta da fitilu. Wadda ka bari a sama, birki ɗaya za ta zamo ta rufe maka gilashi, ko ta tashi ta faɗa wa na bayanka.

Mataki na uku: a kan hanya

Komai a yi shi a hankali: totur, birki, sitiyari. Tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba ka ninka ta, ka sake ninkawa, domin a kan ƙanƙara nisan tsayawa yana iya kai ninki goma. Kunna fitila gaba ɗaya ko da rana ne, saboda a motoci da yawa fitilar rana gaba kawai take haskawa, baya kuwa duhu. Kashe na'urar da ke riƙe maka gudu.

Gada tana riga sauran hanya daskarewa, don iska na ratsa ta sama da ƙasa. Idan kwalta ta yi baƙi tana sheƙi kamar an jiƙa ta, amma tayoyin motocin gaba ba sa fesa ruwa, to ƙanƙara ce. Idan mota ta fara zamewa, ɗaga ƙafa daga totur, ka kalli inda kake so ka nufa, hannu zai bi ido. In dole ta sa ka taka birki da ƙarfi, ka ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, kada ka saki, aikinsa yake yi. Motar share dusa mai shuɗiyar fitila kuwa, bi bayanta daga nesa, kada ka ce za ka wuce ta.

Mataki na huɗu: mutumin da ya manne maka

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, don mun taso inda ba a barin bashi a kan titi: ka yi mini oda in yi maka biyu. Mai matsa maka so yake ka ari gaggawarsa. Galibi yana cikin babbar mota mai ja da ƙafa huɗu, ya manta cewa wannan wajen tashi kawai yake taimako. Wajen tsayawa shi da kai duk taya huɗu ne a kan santsi ɗaya.

Kada ka ƙara gudu don ka faranta masa. Kada kuma ka ɗan taɓa birki don ka tsorata shi, wannan a kan ƙanƙara neman mutuwa ne. Abin yi shi ne ka ƙara tazara a gabanka. Da farko abin kamar bai yi ma'ana ba, tunda matsalar a baya take. Amma idan kana da fili a gaba, za ka rage gudu sannu sannu duk lokacin da ake bukata, shi ma ya sami damar tsayawa bai hau ka ba.

Sannan ka ba shi hanya. Sa sigina tun da wuri, ka koma hannun dama a hankali, domin tsakanin layi da layi akan sami tudun dusa mai fizgar taya. Idan hanyar mai layi ɗaya ce, nemi gidan mai ko wani fili da aka share ka shiga. Kada ka tsaya a gefen titi lokacin da ba a gani, wani zai bi fitilarka ya ɗauka tafiya kake.

Yana wucewa, kada ka kalle shi, kada ka ɗaga hannu, balle daƙuwa. Ranar nan ta Barrie na ci sa'a na tuna da haka, ko da yake bakina bai yi shiru ba a cikin mota.

Idan ya ƙi wucewa yana bin ka, kada ka nufi gida. Kulle ƙofofi, ka tafi ofishin 'yan sanda ko wuri mai jama'a da haske, kada ka fito. Kira 911, ko *677 a wayar hannu, ta haɗa ka da 'yan sandan lardi. Ka faɗi lambar motar, launinta da inda ta nufa. Dokar Ontario ba ta wasa da tuƙin ganganci: nan take a bakin hanya ana iya dakatar da lasisi kwana 30, a kama mota kwana 14.

Mataki na biyar: idan ka maƙale

Zauna cikin motarka. A guguwar dusar da ta afka wa Buffalo, can tsallaken iyaka a Amurka, a Disamban 2022, mutane fiye da 40 suka rasu, wasu a waje cikin dusa, wasu a cikin motoci. Ajiye bargo, shebur, tocila, safar hannu, cajar waya da ɗan dabino a mota tun farkon kaka. Tayar da injin kamar minti goma a kowace awa don ɗumi, ka ɗan sauke gilashi. Kafin kowace tayarwa ka fita ka tone bakin salansa, domin idan dusa ta toshe shi hayaƙin ciki yake dawowa, kuma iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari.