Yadda ake gina soron tubali irin na magabata

Gidan Rumfa na Kano, wanda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamanin mulkinsa (1463 zuwa 1499), da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da masallacin Agadas da aka fara ginawa a 1515, dukkansu da ƙasa aka tayar da su. Haka masallacin Jingarebar na Tambutu, wanda aka gina wajen 1327, bayan Mansa Musa ya komo daga Hajji. A zamanin da Turawa ke sassaƙa dutse suna tayar da manyan majami'unsu, maginan ƙasashenmu da abin da ke ƙarƙashin sawunsu suka yi aiki. Sana'ar tana nan, sai dai masu ita suna ƙarewa, kuma abin yana damuna. Ga yadda ake tayar da ƙaramin soro, tun daga kududdufi har zuwa indararo.

Da farko, lokaci. Bayan an kawar da amfanin gona ake fara aiki, a samu ranin gaba ɗaya. Wanda ya tsaya sai bazara, ruwan farko zai tarar da katangarsa ɗanya.

Sai ƙasa. Ba kowace ƙasa ke gini ba. Jar ƙasar nan mai tsakuwa-tsakuwa da ake kira birji ita ake nema. Yashi ba ya kama jikinsa, laka zalla kuma tsagewa take yi in ta bushe. Ka jiƙa kaɗan ka dunƙula a tafin hannu, ka ajiye a rana. In ta bushe ba ta dare ba, ba ta kuma ruɓushe da ka matsa ta ba, ka samu. Yawancin kududdufan da ke cikin tsofaffin biranenmu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne.

Kwaɓi shi ne ruhin aikin, kuma a nan masu gaggawa ke ɓata gininsu. A tara ƙasar, a buɗe tsakiyarta, a zuba ruwa, a shiga da ƙafa ana tattakawa ana juyawa da fartanya. A zuba busasshiyar ciyawa da aka daddatsa, domin ita ke riƙe ƙasar kada ta tsage. Ƙasar da za a yi ɗauri da yaɓe da ita ana haɗa mata da kashin doki ko na jaki. Sannan a bar ta ta kwana, gobe a sake jiƙawa a sake takawa, haka har kwanaki, sai ta ruɓa ta yi danƙo. Tsohon magini ba ya buƙatar a gaya masa ta yi. Yana ɗaga ƙafa ya ji ƙasar na riƙe masa dunduniya, ya san an kai.

Daga nan sai tubali. Ba a amfani da akwatin bulo. Da hannu ake yanko curi, a mirgina shi a kan busasshiyar ƙasa, a daidaita shi gindi da faɗi, kai da tsini, kamar ƙwai da aka datse wa gindi. A jera su a rana kamar mako biyu, har sai ka ƙwanƙwasa ka ji sun yi ƙara. Ka yi fiye da yadda kake tsammanin buƙata, don wasu za su fashe.

A haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai tauri, faɗinsa ya fi na katangar. In wurin yana tara ruwa, a fara da duwatsu, ko ma a nemi wani wurin, domin damshin ƙasa shi ne babban abokin gaban wannan gini.

Yanzu ɗauri. Ana jera tubali gindi a ƙasa, tsini a sama, kusa da juna. Sai magini ya riƙa maka curin ƙasa da ƙarfi a tsakankaninsu har giɓin ya cike, ya shafe saman da hannu. Tsinin nan ba ado ba ne: shi ke shiga cikin ƙasar da aka zuba, ya ɗaure sahun da ke sama da na ƙasa. Gindin katanga yana ɗaukar tubali da yawa a jere, kuma duk hawa ana ragewa, don haka katangar ke tashi da kauri a ƙasa, tana sirancewa a sama. Kada a ɗora sabon sahu sai na jiya ya sha iska. In katanga ta wuce tsayin mutum, magini kan haye ta ya zauna kamar a kan doki, lebura na ƙasa yana jefo masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana dasawa, yana ja da baya. A dogayen gine-gine irin hasumiyar Agadas, mai tsayin mita 27, itatuwan da ke leƙowa daga jikinta su ne matakalar masu gyara.

Rufi da azara ake yi, wato giginya da aka tsaga. Tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cika cin ta ba. Amma tana da iyaka: in tazarar ta kusa mita biyu ba abin tokara, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. Shi ya sa ake fara gicciya gajerun azara a kusurwoyin ɗaki, ko a fito da wasu daga jikin katanga, a rage faɗin da za a rufe. Babban zaure kuwa sai da ginshiƙi, ko da bakan gizo, wato tokara mai lanƙwasa kamar baka da ke ɗaukar rufi. A nan gwanintar maginin Hausa ta fi fitowa: ana dasa azara a katanga biyu masu fuskantar juna, ana ɗaure wata a kan wata da igiya, kowace tana ƙara karkatowa ciki, ana lulluɓewa da ƙasa ana jira ta bushe, har su haɗu a tsakiya. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne, ka nemi wanda ya gada. A kan azara a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a karkata rufin kaɗan wajen indararo. Indararon ya yi tsawo sosai, ya jefa ruwa nesa da gindin katanga.

Sai kariya daga ruwa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana jiƙa ta a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta, ta ba katanga duhun launi da juriya. Rufi da kan katanga kuwa laso ake sa musu, haɗin katsi (abin da ke kwantawa a gindin marina) da gashin jima (gashin da majema ke kankarewa daga fata) da ruwan dafara (wani tsiro mai yaɗo). Tun yaɓe na ɗanye mai zane ke fitar da adonsa da yatsa da 'yar wuƙa, a kuma tayar da zankwaye, wato tsinayen nan na kan soro, a kusurwoyi.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a shafe katangar ƙasa da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma da zarar ya tsage, ruwa ya shiga ba ya samun hanyar fita, katanga ta riƙa ruɓewa daga ciki alhali waje na nan sumul. Abin da ginin ke so shi ne a duba shi duk shekara kafin damina: a share indararo, a cike tsaga, a sabunta yaɓen gefen gabas inda ruwa ya fi duka. A Jenne ta ƙasar Mali, gari guda ke fitowa kowace shekara a yaɓe babban masallacinsu. Ɗan soronka kuwa, kai da yara biyu da kwandon ƙasa kun ishe shi.